Gandiroba da 'Yan Tsakin Gwaggo

Duk shekarun da Saje ya yi yana aikin gandiroba, fursuna ko ɗaya bai taɓa ɓacewa a hannunsa ba. Bai cika faɗin wannan magana ba, sai in an tambaye shi, ko kuma in an daɗe ba a tambaye shi ba.

Ya shiga aikin yana siririn saurayi, ya fito da furfura da ciwon gwiwa da tafiya irin ta mutumin da ya saba jin makullai na kaɗawa a ƙugunsa. Har bayan ya yi ritaya, in ya miƙe tsaye sai hannunsa ya kai gefen wando ya dafe abin da babu. Ba mugu ba ne. Tsofaffin fursunoni kan tare shi a kasuwa su gaishe shi, wani ma ya ce zai riƙe masa kaya, ko da yake Saje ba ya sakin jakar gaba ɗaya. Abin da aikin ya bar masa ɗabi'u ne. Ba ya zama ya ba ƙofa baya. Ba ya wuce sakata bai taɓa ta ba. In 'ya'yansa suka kawo ziyara da jikoki, sai an watse daga cin abinci ake lura ashe ya ƙirga kowa, har da jaririn da ke goye. Kuma idonsa kullum a ƙasa yake: gindin bango, bakin magudana, wurin da ƙasa ta canza launi. Abin da aka koya musu ke nan tun ranar farko. Mai gudu ta ƙasa yake bi, ko ta kan katanga. Ba a taɓa kawo rahoton fursunan da ya tashi sama ba.

Kaji kuwa na matarsa ne, wadda duk unguwa ke kira Umma, har da waɗanda suka girme ta. A bayan gida take kiwonsu, a wani fili da Saje ya yi shekaru yana kallo kamar yadda likita ke kallon ƙurjin da aka hana shi matsewa. Akwai tsohon baho mai huji a kife kan bulo, da baro mara ƙafa, da tulin guntayen katako, da wata ƙaramar bishiya mai ƙaya da ba wanda ya shuka ta. Duk sanda ya ce zai gyara wurin sai Umma ta ce, "Bar min kayana," ko ɗago kai ba ta yi.

Cikin kajin akwai Gwaggo, wata baƙar kaza mai ɗigon fari da ƙafarta ɗaya ta ɗan karkace. Sunan gado ne. Lokacin auren Umma gwaggonta ta ba ta kaza guda, tun daga nan duk wadda ta zama uwa a zuriyar ita ake kira Gwaggo. Bara wata cuta ta shigo unguwar ta share kaji, wannan kaɗai ta rage. Ta tsufa, ƙwai ya ja baya, amma da taimakon zakaran maƙwabta, wanda ba a gayyace shi ba, ta tara abin da ta tara, ta yi kwanci, ta ƙyanƙyashe 'yan tsaki tara.

Ba su daɗe da fitowa ba aka bugo waya cewa ɗiyarsu da ke aure a wani gari ta haihu, kuma aiki aka yi mata. Umma ta haɗa kaya. A bakin ƙofa ta tsaya, jaka a hannu.

"Saje, ga Gwaggo nan da 'ya'yanta. Ba na jin za ta sake kwanci. In waɗannan suka ƙare, irin ya ƙare ke nan."

"Kin san da wa kike magana kuwa?"

"Na sani. Shi ya sa nake maimaitawa."

"Mutumin da ya tsere daga gidajen yari biyu, a hannuna ya tsufa."

"To waɗannan ba guduwa za su yi ba. Ka ba su dusa da ruwa, ka bar su su yi harkarsu. Kada ka taɓa min komai."

Ya ce to, irin to ɗin da yakan ce wa shugaban da aka riga aka yi wa canjin wurin aiki.

Washegari ya kira maƙwabcinsa Mai Walda. Kafin mako ya zagayo, bayan gidan ya zama abin da Saje ya daɗe yana gani a mafarki. Baho da baro da katako duk ya ɗora wa mai gwangwan, mai sayen tsofaffin ƙarafa, a amalanke. Bishiyar ya sare ta, ya tone saiwar. Ya gina ɗakin kwana, kuma a nan dole a yaba masa: daɓen siminti, raga mai ƙananan ido da ko ɓera ba zai zura kai ba, waya binne a ƙasa zagaye da gini saboda masu tono. Gafiya ta zo ta gwada ta haƙura. Muzurun unguwa ya zagaya sau ɗaya, ya zauna ya lashe hannunsa, ya tafi. A gaban ɗakin ya kewaye filin shan iska da doguwar waya, ya sa aka lanƙwasa samanta ta kallo ciki, aka ɗora sakata ta waje. Ya share ƙasar tas, ko tsinke babu. Sannan ya ajiye kujerarsa a inda zai ga kowace kusurwa ba tare da ya juya wuya ba.

"Saje, saman fa?" in ji Mai Walda yana naɗe wayarsa. "Haka za a bar shi a buɗe?"

"Ka taɓa ganin filin gidan yari da rufi? Wace kaza ce za ta kai wannan tsayin?"

Mai Walda, wanda bai taɓa kiwon komai ba sai gemu, ya ce gaskiya ne.

Saje ya yi masa bayanin ƙa'idar: wanda ba ka gani, ka ɗauka babu shi. Duk wata ɓarna a lungu ake ƙulla ta. Ka kawar da lungu, ka huta.

Gwaggo ta shiga sabon gidan ta zagaya shi da ɗingishinta, 'ya'yan na biye. Ta tsaya a tsakiya ta karkace kai, ido ɗaya sama, ɗaya ƙasa. Saje ya san wannan kallon. Ya sha ganinsa wurin tsofaffin fursunoni in an kawo sabon ma'aikaci, ya kuma ɗauka raini ne, ya ƙyale ta saboda shekarunta.

Ɗan tsako na farko da rana tsaka ya ɓace, Saje ya shiga ciki ya ɗan kishingiɗa. Ya fito ya ƙirga, ya sake ƙirgawa. Sakata na nan yadda ya bar ta. Ya bi gindin waya a durƙushe, gwiwa na ƙara, yana latsa ƙasa da yatsa. Ba rami, ba sawu, ba ko gashi. Ya zauna a kujera ya daɗe yana kallon sauran takwas ɗin, yana neman wanda fuskarsa za ta nuna ya san wani abu.

Da na biyu ya tafi, sai ya ƙara kwaɗo a kan sakata. Da na uku ya tafi, ya je ya buga wa Mai Walda ƙofa ya nemi a tsare kyanwarsu har a gama bincike. Matar Mai Walda ta leƙo ta ce kyanwar da ko kifi sai an cire mata ƙaya, ita ce za ta haura wayar da ta fi mijinta tsawo? Aka dai rufe kyanwar a ɗakin girki. Tana rufe na huɗu ya ɓace.

Akwai wani abu da ke faruwa a filin da Saje ya sa wa suna tarzoma. Ana zaman lafiya, kowa na tsattsagar ƙasa, sai Gwaggo ta karkace kai ta saki wani dogon sauti daga maƙogwaro, ba kyarkyara ba, wani abu mai kama da jan ƙofa mai tsatsa. Nan take 'yan tsakin su watse. Wasu su ruga kusurwar da baho yake a da, wasu wurin da aka tone bishiya, su isa su tarar da shararriyar ƙasa, su yi cirko-cirko, su juyo da gudu su cusa kai ƙarƙashin uwar. Sun fara girma, fukafukanta ba sa rufe su duka. Kullum akwai wanda rabinsa ke waje. Saje yakan hura tsohon usur ɗinsa ya ce a natsu. Hankali kuwa yakan kwanta bayan ɗan lokaci, shi kuma ya ɗauka usur ɗin ne.

Umma takan bugo da yamma.

"Ya mai jego, ya jariri?" yakan yi sauri ya riga ta.

"Lafiya lau. Ya Gwaggo?"

"Tana cin abinci sosai."

"'Ya'yan fa?"

"Waɗanda ke nan duk lafiyarsu ƙalau."

"Saje, me ake nufi da waɗanda ke nan?"

"Ana kan bincike."

"Ni kake karanta wa rahoto? Ni ce fa, ba mai duba gidan yari ba."

Sai layin ya fara rawa, ko kuma Saje ya ce ya fara.

Abinci ya daina yi masa daɗi. Ya daina kishingiɗa. Ya koma zama a kujerar tun safe har a rufe ɗakin kwana, amma ɗan Adam dole ya zagaya, kuma wani zagayen ne ya ci masa na biyar. Saura huɗu. A ransa ya fara shirya yadda zai tsaya gaban matar da ta yi shekaru tana wanke masa kaki, ya ce mata irin gwaggonta a hannunsa ya ƙare.

Wata hantsi yana zaune, idonsa a ƙasa kamar kullum, sai ya ga wani abu ya ratsa filin. Ba sauti. Baƙi ne, siriri, mai hannu biyu a buɗe, ya zame a kan ƙasar ya haye waya kamar babu ita. Da a ce akwai tarkace a wurin, da bai lura ba, amma ya share ƙasar har ta zama kamar faranti. Abin ya dawo, ya sake ratsawa, a hankali wannan karon. Inuwa ce. Saje ya yi tunanin da ya dace: inuwa ba ta zuwa ita kaɗai. Ya ɗaga kai, wuyansa ya yi ƙas.

Can ƙololuwa, inda ido ke fara yaji, shaho ne. Ba ya kaɗa fiffike. Ya shimfiɗa su kawai, iska na riƙe da shi kamar an ɗora shi a tafin hannu, yana juyawa a natse. Saje ya shekara sittin da wani abu a ƙarƙashin wannan sama, bai taɓa lura da faɗinta ba. Ba katanga, ba kusurwa, ba inda za a ce nan ne ƙofa. Ga shi kuma akwai mai gadi a can, mai zagayen da ya fi nasa tsari, wanda ya san lokacin da Saje ke kishingiɗa da lokacin da yake zagayawa. Ashe duk kwanakin nan shi ma a cikin ƙirga yake.

Gwaggo ta ja ƙofarta mai tsatsa. 'Yan tsakin suka watse neman bahon da babu.

Shahon ya naɗe fukafukai ya faɗo. Saje bai ga saukowar ba, ƙararta ya ji, kamar an yage sabon yadi. Kafin ya kai usur baki, tsuntsun na cikin fili, faratansa a miƙe kan wanda ya fi nisa da uwa.

Abin da ya biyo baya, Saje ya ba da labarinsa sau da yawa, kuma bai taɓa ƙara masa gishiri ba, don ya ce ba ya buƙata. Tsohuwar kazar nan mai karkatacciyar ƙafa, wadda hawa bulo ma sai ta yi shawara, ta kumbura ta ninka kanta, ta taso daga ƙasa ta daki shaho a haƙarƙari. Suka mirgina. Ta haye bayansa tana sara da baki, tana duka da fiffike, ƙura ta tashi, gashi baƙi da ruwan toka na yawo a iska. Ɗan tsakon ya suɓuce ya ruga. Saje ya ga jarumai a aikinsa, ya ga masu ƙarfin da sai mutum shida ke danne su, amma kowannensu yana da lissafin abin da zai samu. Wannan ba ta da lissafi. Bai san ya miƙe ba, bai san usur ya faɗi ba. Ya ji bakinsa na cewa "Subhanallahi" a hankali, yana maimaitawa.

Shahon ya fizge ya yunƙura zai tashi. Amma dukan ya jefa shi gefe, ƙarƙashin wayar nan da aka lanƙwasa ta kallo ciki. Ya tashi ya bugi waya ya faɗo. Ya sake, ya sake faɗowa. A karon farko tun da aka gina shi, gidan ya yi aikin da aka gina shi dominsa.

Hayaniyar ta fito da Mai Walda, ya ɗare katanga. "Kai! Ga ɓarawon! Saje, riƙe shi, bari in kawo guduma!"

Saje ya buɗe kwaɗo, ya zare sakata, ya shiga. Gwaggo ta ja 'ya'yanta ƙofar ɗakin kwana, ƙirjinta na jini, tana haki. Shahon ya jingina da waya, baki a buɗe, fiffike ɗaya a ƙasa. Suka kalli juna. Duk wanda aka taɓa kawo wa Saje, a ranar farko idonsa na ɗauke da roƙo, ko ƙarya, ko ƙiyayya. Wannan idon rawaya ne, tsaf, babu ko ɗaya daga ciki. Bai san ya yi laifi ba, don bai yi ba. An share masa fili, an kawar masa da duk abin da zai tare masa gani, an kewaye masa abinci da waya don kada ya gudu. Ya zo.

"Ga gudumar!"

"Ajiye ta."

"Haba Saje! Biyar fa ya ci!"

"Ni gandiroba ne, ba alƙali ba. Ba a kawo shi da takarda ba, ba ni da ikon tsare shi. In ma akwai wanda za a tuhuma a gidan nan, ba shi da fiffike."

Ya wangale ƙofar ya koma gefe. Shahon ya ɗan jima, ya yi tsalle biyu, ya fita, ya buɗe fukafukansa. Iskarsu ta taɓa fuskar Saje. Ya bi shi da kallo har ya zama ɗigo, har ɗigon ya narke, bai sauke kai ba sai da Mai Walda ya tambaya ko yanzu za a iya sakin kyanwar.

Da yamma ya wanke wa Gwaggo raunin da ruwan ɗumi, ta sare shi a yatsa, ya karɓa. Washegari ya tafi wurin mai gwangwan. Ya tono bahon daga ƙarƙashin tulin ƙarafa da hannunsa.

"Baba, wannan ai a huje yake. Ga mai kyau can."

"Mai hujin nake so. Wanda ke ciki ta nan yake leƙen waje."

Baron ma ya dawo. Katakon an riga an ƙona, ya nemo wani. Bishiyar da ya sare ba ta dawuwa, sai ya jawo rassan ƙaya ya tara a gurbinta. Mai Walda ya ɗora raga a saman filin, yana ta faɗin cewa shi dama ya faɗa. A nan ya kamata Saje ya kulle ƙofa ya huta. Amma akwai abu ɗaya da ya sani wanda ba a koyarwa a horo: mutumin da ya daɗe a tsare, ranar da aka sake shi ko titi ba ya iya tsallakawa. Umma za ta dawo, kuma ranar da ta dawo za ta buɗe wa kajinta ƙofa. Ɗan tsakon da ya girma a ƙarƙashin rufi ba zai san abin da sama ke aikowa ba, mai koya musu kuwa ɗaya ce, ga ta nan da tabo a ƙirji. Saboda haka da safe yakan zare sakata ya bar ƙofar a buɗe, ya koma kujerarsa, wadda ya ja baya ya jingina da bango yadda zai ga sama. Makon farko hannunsa a ƙugu ya yi shi.

Ranar da Umma ta dawo, ko mayafi ba ta cire ba ta wuce bayan gida. Ta ga dogon gini na waya da ba ta bari ba. Ta ga bahonta, ta ga baronta, ta ga tulin ƙaya a inda bishiyarta take. Ba ta ga kaza ba, ba ta ga ɗan tsako ba. Filin shiru kamar an yi shara. Jakar ta zame daga hannunta.

"Saje. Ina suke?"

"Ban sani ba," ya ce. A muryarsa akwai wani abu mai kama da alfahari.

"Ba ka sani ba?"

Ya ɗora yatsa a leɓe, ya nuna sama. Ta ɗaga kai ta kare ido da hannu. Ɗigon na can yana juyawa a natse. Ya zagaya, ya sake zagayawa, sannan ya karkata ya bi iska ya wuce bayan rufin maƙwabta.

Daga cikin ƙayar aka yi wani ɗan gajeren sauti. Gwaggo ta fito da ɗingishinta, ta karkace kai ta duba, ta fara tono. Sai ga ɗaya daga ƙarƙashin baho. Ɗaya daga bayan baro. Biyu daga cikin katako, suna ture juna. Sun yi gashi, sun yi ƙafa, uku daga ciki baƙaƙe masu ɗigon fari.

Umma ta daɗe tana kallonsu. "Tara na bar maka."

"Tara kika bari. Biyar suna wuyana."

"Bishiyata fa?"

"Ita ma."

Ta durƙusa ta miƙa hannu, Gwaggo ta zo ta duba tafin, ta ga ba komai, ta yi gaba. Umma ta bi tabon ƙirjin kazar da kallo. Ɗaya daga cikin baƙaƙen 'yan tsakin ta tsaya da tono, ta karkace ɗan kanta, ido ɗaya sama.

"Waccan," in ji Saje a hankali, kamar mai gabatar da babban baƙo. "Ita ce Gwaggo ta gaba. Tun shekaranjiya take riga uwar gani."